Shaidar Jini

Takardar jami'a ta zo da jerin sharuɗɗa.
Na bakwai ne ya tsayar da ni:
a zo da shaidar rigakafin ciwon hanta,
da shaidar cewa jini ya karɓa.

Na tambayi Inna katin asibitina na jarirantaka.
Tana feraye dankali, ba ta ɗago ba.
Ta ce, "Yana cikin akwatin da muka bari a Dilimi
shekarar da muka fito da kayan jikinmu kawai."
Ban sake tambaya ba.

Yaya Zubairu ya kai ni Lamingo a kekensa,
sanyi na cizon kunne,
duwatsun Shere sun yafa gajimare.
Sista Kangyang ta ɗaure mini dantse da roba, ta ce,
"Gwaji tukuna, 'yata.
Ba a kulle ƙofa sai an duba ko ɓarawo na ciki."

Minti ashirin a kan benci.
A cikinsu na sake binne Baba:
idanu launin gangamau,
ciki kamar tulu, ƙafafu sun ƙi takalmi.
Masu dubiya suka ce shawara,
wasu suka rage murya suka ce sammu.
Mun dafa saiwa, mun dafa sassaƙe,
har tukunya ta yi baƙi.
Ba wanda ya ce hanta
sai likitan da muka je wa ana saura kwana tara.

Layi ɗaya ya fito.
Babu.
Na ji gwiwoyina sun dawo nawa.

Allura ta farko a dantsen hagu.
Ta biyu bayan wata guda,
ranar da ƙanƙara ta fasa tumatir a Farin Gada.
Ta uku sai wata na shida,
kuma yajin aikin malamai, wanda kowa ke tsine wa,
shi ya ara mini watannin.
Kuɗin kuwa daga aljihun Zubairu,
ɗari biyu-biyu masu warin fetur.

Bayan sati shida aka sake ɗibar jini.
Davou na ɗakin gwaji ya nuna lamba da biro:
"Goma ake nema. Naki ɗari uku da sha ɗaya.
Jininki ya haddace fuskar maƙiyi."
Farin ciki ya sa ni rawar kai.
Na fita na jawo Zubairu daga inuwar mangwaro,
na ce miƙa hannu, kai ma, ai kyauta ne yau.
Ya miƙa yana dariya.

Layi biyu.

Sista ta zaunar da shi, ta yi magana a hankali:
ba hukuncin kisa ba ne,
akwai awo duk wata shida, akwai magani in ta kama,
ka ware rezarka, ka kawo Inna da yara ranar Litinin.
Yana ta gyaɗa kai yana juya makullin keke.

A hanya bai ce komai ba har Bauchi Rod.
Tawa takardar tana cikin leda a ƙirjina,
tasa a ninke huɗu a aljihun baya.
Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba,
"Ki yi karatun nan da sauri, likita."

A ofishin rajista, magatakarda ya buga hatimi
bai ko karanta lambar ba.
Wata bakwai, daƙiƙa ɗaya.

Da dare Inna ta sauke gwate.
Zubairu ya ɗauki ƙaramin kwano ya koma bakin ƙofa.
Na bi shi da babban kwanon,
na juye nasa a ciki,
na sa cokalina kusa da nasa.
Ya janye hannu.
Na ce, "Ci. Ba ta nan take bi ba."

Ban ga allo ba tukuna, ban sa farar riga ba.
Ya dube ni ya daɗe,
sannan ya ci.